Gyaran Hoto A Kwamfuta: Sana'a Ce Mai Bukatar Amana

Tun da kamfanin Adobe ya fitar da Photoshop a shekarar 1990, aikin mai hoto ya tashi daga ɗakin wanke hoto ya koma kan kwamfuta. Yau ɗalibai a kwalejoji suna koyon daidaita haske da launi, har da cire mutum daga inda ya tsaya. Sana'a ce mai kawo abinci, domin masu biki da masu talla duk suna nemanta.

Amma fa akwai haɗari. A 1994 mujallar Time ta ƙara wa fuskar O.J. Simpson duhu a bangonta, ta sha suka ƙwarai. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori mai ɗaukar hotonta saboda ya haɗa hotuna biyu na yaƙin Iraƙi ya mai da su ɗaya. Gwaninta ba ta hana shi rasa aikinsa ba.

Saboda haka, iyaye masu biyan kuɗin makaranta, ku tambaya ko ana koya wa yaranmu inda gyara ya ƙare, ƙarya ta fara. Share tabo a hoton amarya gyara ne. Ƙara hayaƙi a hoton rikici kuwa shaidar zur ce, tana iya ta da gari.