Baƙon da bai yi sallama ba

Shekarun baya, lokacin da nake koyarwa a wani ƙauye kusa da Mirriya, wasu baƙi masu yawon buɗe ido suka kafa tanti a bakin gonar wani tsoho, daf da maƙabarta. Ba su gaida mai gari ba, ba su nemi mai gona ba. Da safe suka bi matan da ke ɗibar ruwa a rijiya da kyamara. Wanda ya kai su wurin kuwa ɗalibina ne, ya tsallake darasi saboda dala ɗari.

Wasu za su ce ai baƙo rahama ne, kuma yana kawo kuɗi. Ban musa ba. Amma rahamar da ke shigowa ba sallama, wace iri ce?

A Sabuwar Kaledoniya, tsibirin da Faransa ta mamaye a 1853, ƙabilun Kanak na karɓar masu son kwana a ƙasarsu. Sai dai kafin baƙo ya sauke kaya, zai je gaban shugaban wurin da ƙyallen yadi da ɗan kuɗi, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi. Sannan a nuna masa inda zai kwana da inda ba a takawa.

Mu za a koya wa wannan? A 1851, da Bature James Richardson ya sauka Damagaram, sai da ya kai gaisuwa fada. Goron gaisuwa da mai masauki namu ne tun kaka da kakanni. Mu muka yar da su.

Laifin ba na yaron ba ne. Malam, sau nawa ka kai ajinka Birni suka ga fada, ka ba su labarin Sarki Tanimun da ganuwarsa, ko yaƙin Tirmini na 1899? Iyaye, me kuka ce ranar da ɗanku ya dawo da alewar da ya samu da kiran "Anasara, kado"? Yaron da bai san darajar gidansu ba, a kan dala ɗari zai buɗe ƙofarsa.

Yanzu da baƙin Turai suka yi ƙaranci, lokacin gyara ne. Kowane gari ya tsayar da doka: baƙo ya fara da mai gari, babu hoto sai da izini, jagora ya zama babba, ba ɗan makaranta ba. Wanda ya ƙi, hanya tana nan a buɗe.