Tsoron Awon Gona Ya Fi Haraji Cin Manomi

Daga Sundumina zuwa Kantoga, daga Basirka zuwa Sara, in ka tambayi manomi girman gonarsa, amsar ba ta wuce "tana ba ni dami sittin" ko "daga kukar can zuwa bakin burtali". In ka ce a auna ta a rubuta, nan take zai ɓata rai. Abin da ya zauna a zukatan jama'ar Birnin Kudu da Gwaram shi ne awon gona ƙofar haraji ne, takarda kuwa hanyar ƙwace ƙasa ce, kuma tunda mai unguwa da dattawa sun san iyaka, magana ta ƙare. Ni dai na ce wannan ra'ayi ya tsufa, kuma talakan da ake cewa yana karewa shi ya fi cutarwa.

Tsoron yana da asali. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, lokacin da ƙasashen Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashin masarautar Kano, an shigo da awon taki. Malaman taki kan taka tsawon gona da faɗinta, su rubuta, a yanka wa mai ita kuɗin ƙasa gwargwadon abin da suka rubuta. Ƙafar wani ta fi ta wani tsawo, kuma mai abin hannu ya san yadda zai sa a rage masa taki. Kakanninmu sun ga haka, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano tun 1979, shekara goma sha biyu kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991. Haraji ya tafi, mu kuwa muna nan riƙe da tsoronsa.

Yau kuma komai na noma da awo ake lissafa shi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Eka ɗaya kimanin murabba'in mita 4,047 ce, wato sai an haɗa eka kusan biyu da rabi kafin a samu hekta. Fulotin gari mai ƙafa 50 da 100 kuwa kimanin murabba'in mita 465 ne, hekta ɗaya ta haɗiye irinsa fiye da ashirin. Mai tarakta da hekta yake yanka kuɗi. Malamin gona da hekta yake faɗin yawan iri da taki da maganin feshi. Bashin noma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ma da hekta aka riƙa bayar da shi. A ce malamin gona ya ce buhu biyar na takin zamani a hekta. Wanda gonarsa eka ce amma yake kiranta hekta, buhu biyu ne bukatarsa, ya sayi biyar, ya kuma biya mai tarakta kuɗin hekta cur. Binciken da Bankin Duniya ya yi tare da hukumomin ƙididdiga na ƙasashen Afirka, har da Najeriya, inda aka gwada faɗar manoma da awon na'ura, ya nuna cewa masu ƙananan gonaki sukan ɗauka gonarsu ta fi ainihin girmanta, masu manya kuwa sukan rage. Ke nan asarar a kan ƙaramin manomi take sauka kowace damina, kuma babu rasit.

Sai batun dattawa sun san iyaka. Sun sani, amma dattijo yana rasuwa, kuka tana faɗuwa, gamba tana ƙonewa, ruwa yana share kunya. Shari'a ta yanka wa kowane magaji rabonsa dalla-dalla, matar mamaci mai 'ya'ya tumuni, namiji rabon mata biyu. Ta yaya za a fitar da tumunin abin da ba a san yawansa ba? A irin wannan duhu ne ake danne marayu da mata, gonar aro ta rikiɗe ta zama gado, jingina ta koma sayarwa, 'yan uwa su ƙare a gaban alƙali.

Masu cewa takarda ce ke jawo ƙwace su duba doka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta riga ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, an auna ko ba a auna ba. Rashin takarda bai taɓa hana titi ko ma'aikata bi ta gonar kowa ba. Abin da yake hanawa shi ne cikakkiyar diyya. Dokar ta ce a biya amfanin gona da gyaran da aka yi wa ƙasa, kuma in an karɓe gonar da ake riƙe da ita bisa al'ada, ƙaramar hukuma ta ba mai ita wata a madadinta. Wanda bai san girman tasa ba, da wane baki zai ce an tauye shi? Dokar nan ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin mallaka na al'ada a karkara, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. Masu ido da kuɗi sun san wannan sashe sarai, suna kuma aiki da shi. Talaka ne kaɗai aka bari da "daga kukar can".

Za a ce in gwamnati ta samu rajista a hannu, wata rana za ta ɗora kuɗi. Tana iya yi, domin masu satifiket na gwamna suna biyan kuɗin ƙasa na shekara-shekara. To amma kuɗin da aka yanka bisa awo sananne, kowa na iya ƙalubalantarsa: ga hektata, ga abin da doka ta ce a kan hekta. Wanda aka yanka da ka, shi ne wanda babu mai iya musa shi. Abin da ya ɓata awon taki shi ne an yi shi don karɓa kawai, kuma littafin yana hannun mai karɓa. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1993 suka kafa dokar karkara, da kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye, masu rubuta gado da saye da aro da jingina, mai gona ya tafi da takardarsa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, da masarautar Dutse, da Gwamna Umar Namadi: a horar da matasanmu awo da na'ura, a yi shi a bainar jama'a gaban dagaci da maƙwabtan gona, kyauta ko a kan ɗan abin da talaka zai iya, a ba mai gona tasa takardar a hannu, a kuma faɗa a rubuce cewa rajista daban, haraji daban. Kai kuma ɗan uwa manomi, kafin ka sayi buhun taki ko ka kira mai tarakta a bana, ka fara sanin hekta nawa gare ka.