FILIN KWALISA: Reza mai baki biyu, uku ko biyar, wacce ta dace da fuskar saurayi?

Kyamara ba ta da kara. Da zarar darakta ya ce a matso da ita kusa da fuskar jarumi, duk abin da ke haɓarsa da wuyansa sai ya fito ɓaro-ɓaro a talabijin. Mai kwalliya na iya kashe ƙyallin maiƙo da hoda, amma ƙurajen aski ba su jin hoda. Shi ya sa maganar reza ta shafi 'yan wasa, ta kuma shafi samarin da ke kwaikwayon gayunsu, har da masu gemu da ke gyaran saje da wuya kawai.

A kanti yanzu akwai reza mai mariƙi wadda ake cire kanta a sa sabo, wata bakinta biyu, wata uku, wata biyar. Tallan yana nuna wa mutum cewa yawan baki shi ne kyan aski. To haka abin yake?

Gasar ta samo asali ne a Amurka. A 1971 kamfanin Gillette ya fito da Trac II mai baki biyu. A 1998 ya kawo Mach3 mai baki uku, wadda aka kashe kimanin dala miliyan 750 wajen ƙirƙiro ta. Abokin hamayyarsa Schick, wanda a Turai ake sayar da kayansa da sunan Wilkinson Sword, ya mayar da martani a 2003 da Quattro mai baki huɗu, har sai da rigimar ta kai su kotu. A 2006 Gillette ya sake cewa ga Fusion mai baki biyar, da ƙarin guda a baya don gyaran saje da ƙarƙashin hanci. Masu kallon ƙwallo za su tuna tallan 2007 da aka haɗa Thierry Henry da Roger Federer da Tiger Woods. Daga bisani Dorco na Koriya ta Kudu ya kai abin har baki bakwai.

Ga sirrin aikin. Bakin farko yana kama gashi ya ɗan jawo shi waje, kafin ya koma sai na biyu ya datse shi, na uku ya ƙara datsewa. Idan gashin ya koma mazauninsa, sai ya zauna ƙasa da saman fata. Dalilin da ya sa fuska ke yin sumul ke nan, a shafa a ji kamar ta jariri.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Wanda gashinsa miƙaƙƙe ne, irin na jaruman Indiya, yawanci gashin zai sake fitowa ta hanyar da ya shiga. Gashin baƙar fata kuwa murɗaɗɗe ne. Idan aka datse shi ƙasa da fata, ga tsini a bakinsa, sai ya lanƙwashe ya soki fatar daga ciki, ko ya fito ya juyo ya sake nutsewa. Jiki ya ɗauke shi kamar ƙaya ce ta shige shi, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci har da mugunya. Bayan ya warke ya bar baƙin tabo, wasu ma ya zame masu tudun tsoka mai tauri da ba ya baje wa da kansa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Idan aka jera su, mai baki biyar ta fi kowacce sulɓi a fuska, kanta yana lanƙwasa ya bi haɓa, kuma ba ta cika yanka ba. Amma ta fi tsada, bakunan sun matsu da juna don haka gashi mai kauri na saurin cushe ta, kuma kowane ja ɗaya tamkar an bi wurin da reza sau biyar ne. Mai baki uku tana tsakiya: askinta na da kyau, tana wankuwa cikin sauƙi, kuɗinta da dama-dama. Mai baki biyu ko ɗaya, irin Bic da ake amfani a yar, ba ta kwashe gashi tas, amma ga mai saurin ƙuraje wannan rashin kwashewar shi ne alherinta. Shi kansa Gillette ya gane haka, domin a 2018 ya fito da SkinGuard, mai baki biyu kacal da wata 'yar kariya a tsakani, don a yanke gashi daidai saman fata ba tare da an jawo shi ba. Wato bayan an kai biyar, sai aka dawo biyu.

Saboda haka wanda fatarsa ba ta ƙuraje, mai baki uku ta ishe shi. Wanda kuwa wuyansa ya riga ya cika da su, ya ajiye reza na wasu makonni gashin ya tofo ya fito da kansa, sannan ya koma kilifa, wadda ke barin ɗan gashi kamar milimita 1. A kyamara, gashin da aka daidaita da kilifa ya fi haɓa mai tudu da kwari kyan gani nesa ba kusa ba. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a ga likitan fata, a daina tonon wurin da allura ko tsinke.

Ko wace iri aka saya, hannu ya fi reza muhimmanci. A yi aski bayan wanka, ko a jiƙa wurin da ruwan ɗumi na minti 2 zuwa 3, a shafa kumfar aski. A bi kwanciyar gashi, kada a yi masa gaba-da-gaba. Ban da jan fata da ɗaya hannun, ban da dannawa, ban da maimaita wuri guda. A riƙa ɗauraye rezar bayan kowane ja, a gama a ajiye ta inda za ta bushe.

Sai maganar rowa. Saurayi ya sayi kai mai baki biyar da tsada, sai ya ce wata uku zai yi da shi don ya fanshe kuɗinsa. Likitocin fata suna ba da shawarar a canza bayan aski 5 zuwa 7. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna cewa gashi, duk da ƙarfen reza ya fi shi tauri kusan sau 50, yana ɓantare bakinta kaɗan-kaɗan. Dakusasshiyar mai baki biyar ba ta kai sabuwar mai baki biyu ba.

Na ƙarshe, kuma mafi girma: reza ba abar aro ba ce. A lokeshan ko a ɗakin samari, kan a ce kwabo wani ya ce, "Abokina, ɗan ba ni in share wuya." Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa kwana 7 a busasshen jini, wanda ido ma ba ya gani. Kowa ya riƙe tasa, a shagon aski kuma a tabbatar an tsabtace kilifa, wurin wanzami a nemi sabuwar reza a ɓare ta a gaban mai aski.

A fitowa ta gaba Filin Kwalisa zai duba hodar cire gashi da man shafawa bayan aski. Allah ya kai mu.