Ruwa don fata, rairayi don wuta

A nan Dakoro da yawanmu da wuta muke neman abinci. Mai ƙosai da mai ƙuli-ƙuli suna wuni gaban tafasasshen mai. Maƙeri yana gaban zuga-zugi. Ga mai walda, ga mai tsire, ga samari masu saida esansi cikin kwalabe a bakin hanyar Maradi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum wajen 180.000 kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe matalauta.

Ra'ayinmu shi ne, kada kowa ya kunna wutar sana'a sai ya ajiye abu biyu kusa da shi: bokitin rairayi da bidon ruwa mai tsabta. Kowanne da aikinsa, kuma ba a musanya su.

Rairayi na wuta ne. In mai ya kama a kasko, kada a watsa masa ruwa. Ruwan yana nutsewa ƙarƙashin mai, ya tafasa nan take, ya watso wutar a fuska da ƙirji. A rufe kaskon da faifan ƙarfe, a janye itacen, a zuba rairayi a kan wanda ya malala ƙasa. Esansi ya fi haka haɗari, don tururinsa ne yake kamawa. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarad da garwashin mai shayi ko guntun taba. A watan Mayu na 2019, motar dakon mai ta kife a Yamai, kusa da filin jirgin sama. Mutane suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu. Mai saida esansi da ya jera kwalabensa gefen mai tsire ya tuna da wannan.

Ruwa kuwa na fata ne. Bayan wuta ta mutu, zafinta yana ci gaba da cin nama. Saboda haka a dinga zuba ruwa mai sanyi a hankali a kan ƙunar har minti 20. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba. Tufar da ta manne, a bar ta. Bororo ma kada a fasa shi.

A nan ne muka fi yin ɓarna. Da an ƙone, kowa ya zo da maganinsa: wannan man goge haƙori, wancan ɗanyen ƙwai, wani toka, wani har kashin shanu. Ba ɗayansu da ke fid da zafi. Ƙazanta suke kaiwa cikin rauni, kuma sai ma'aikacin lafiya ya kankare su kafin ya sa magani, majinyaci yana kuka.

Wani zai ce ruwa yana da wuya a ƙasarmu, rijiyoyinmu da zurfi. Gaskiya ne. Amma a kwatanta kuɗin bidon ɗaya da wata biyu na jinya, rumfa a rufe, yara ba abin cefane.

In riga ta kama, gudu ƙara mata iska yake yi. A kwanta a yi birgima, na kusa su lulluɓe mutum da bargo. Yadin leda yana narkewa a jiki, don haka mai tuya ta fi aminci cikin atamfar auduga, mayafi a ɗaure.

Bayan an sanyaya, a rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko tana fuska, ko hannu, ko al'aura, ko kuwa yaro ne, a kai shi likita a ranar, ko asibitin Dakoro. A riƙa ba shi ruwa yana kurɓa a hanya, a kuma tambayi allurar tetanos.