Shafin da ba ya buɗewa sai ga mai ƙarfin sabis

Kwanakin baya na zauna da ƙanena muna cika masa fom ɗin neman aiki a waya. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Shafin ya fito fari fat, wata 'yar da'ira tana ta juyawa a tsakiya, har data ta ƙare bai ga ko layi ɗaya ba. Abin ya yi mini ciwo, don na san ba komai a ciki sai gurbin rubuta suna da maɓallin aikawa, aikin da HTML, harshen da ake tsara shafukan intanet da shi, kaɗai yake yi tun shekarun 1990. Wanda ya gina shafin ne ya rataya komai a wuyan JavaScript, harshen da ke sarrafa shafi a cikin burauza.

HTML yana da haƙuri. In burauza ta ci karo da abin da ba ta gane ba, sai ta tsallake ta nuna saura. JavaScript kuwa, fayil ɗaya ya kasa sauka ko kuskure ɗaya ya shiga, aiki ya tsaya cik.

Magina shafuka sukan ce, "Wa ke kashe JavaScript a zamanin nan?" A 2013 masu kula da GOV.UK, shafin gwamnatin Birtaniya, sun auna. Sun tarar mutum 1 cikin 93 ba ya samun JavaScript, kuma mafi yawansu ba su ne suka kashe shi ba, bai iso gare su ba ne kawai. A Birtaniya fa ke nan! Ina ga mai ƙaramar waya a ƙauye, wanda ke lallaɓa datarsa da burauzar Opera Mini? Ita Opera Mini a kwamfutocin kamfanin take sarrafa shafi, ta matse shi kafin ta turo, don haka shafin da ya dogara kacokan ga JavaScript sau da yawa a gurgunce yake isowa.

Ba cewa nake a watsar da JavaScript ba. Ƙa'idar GOV.UK ita ce a fara gina abin da ke aiki da HTML, sannan a ƙawata shi, sannan a ƙara JavaScript don sauƙaƙawa. Wikipedia ma ana karanta ta ba tare da shi ba. Shafin da talaka zai nemi aiki ko gurbin karatu ta cikinsa amana ce a hannun maginin, kuma kafin ya miƙa aikin ya kamata ya kashe JavaScript ya gwada a waya mai araha.

Ƙanena dai washegari sai da ya hau mota zuwa cikin gari, ya biya kuɗi a shagon kwamfuta, kafin fom ɗin ya tafi.