A GIDAN YARI ANA KASHE WAƊANDA BA ALƘALIN DA YA CE A KASHE SU

Ya 'yan uwa Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wata jana'iza da muka yi a nan unguwarmu Daurawa, wadda har yanzu na kasa cire ta daga zuciyata.

Yaro ne maƙwabcinmu, tare muka yi Islamiyya, yana ɗan facinsa a bakin titi yana taimakon mahaifiyarsa. Rigima ta haɗa shi da wani a kan wayar hannu, aka kwashe shi, aka kai shi kotu, aka ce a ajiye shi a wani gidan yari kafin a jira shawarar lauyoyin gwamnati. Shi ke nan, an shiga ɗage zama. Yau an ce mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe an ce babu motar da za ta kawo fursunoni, jibi an ce ba a ga fayil ba. Ranar da na raka mahaifiyarsa ziyara ta ƙarshe, wallahi sai da ya yi magana na gane shi. Ya rame, jikinsa duk ƙazuwa, yana tari yana dafe ƙirji. Ya ce mana kwayar ciwon kai kawai ake ba shi. Bayan wata goma sha huɗu aka aiko a zo a ɗauki gawa. Babu takardar likita, babu bayani, sai dai "kwana ne ya ƙare." Allah Ya jiƙansa.

Mun yarda kwana ne ya ƙare, domin babu mai wuce ranarsa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa wanke mai kisa ba. To wa ya yanke wa yaron nan hukuncin kisa? Wane alƙali? A wace kotu? Ko da an tabbatar ya ɗauki wayar, a wace shari'a ce, ta Allah ko ta Bature, aka ce hukuncin waya shi ne mutuwa da tarin fuka?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsautsayi ne da ya faɗa wa mutum guda. Alƙaluman da hukumar gidajen yarin ƙasar nan take fitarwa da kanta a 'yan shekarun nan suna nuna mutum wajen 80,000 ne a tsare, kuma kusan biyu cikin kowane uku jiran shari'a suke yi. Wato a idon dokar da aka kama su da ita ba masu laifi ba ne. Nan Kano, gidan yarin Kurmawa da ke bayan gidan Sarki tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka gina shi, lokacin da birnin bai kai ko kusa da yadda yake yau ba. Aka bar shi shekara da shekaru, shi da na Goron Dutse, ana ɗura musu mutane kamar buhun gero.

Wanda yake son ya san abin da cunkoso ke haifarwa ya tuna gidan yarin Ikoyi a Legas. A watan Disamban 2019 wayar lantarki ta taɓa gadajen ƙarfe a wani ɗaki, mutum biyar suka mutu. Ɗakin na mutum 35 ne, amma an zuba wajen 140 a ciki. Gidan kuwa an gina shi domin mutum 800, yana ɗauke da fiye da 3,000. Wannan ita ce mutuwar da ta yi ƙara har jaridu suka ji. Wadda ba ta ƙara ta fi yawa. Ƙwayar tarin fuka ta iska take bi. Idan aka kulle mutum ɗari a ɗakin da tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba, a zafin bazarar Kano, da bokitin bahaya guda a lungu, mai tari ɗaya ya isa ya raba wa saura. Ga yunwa ta riga ta karya garkuwar jiki. Ga kuɗin cizo da ƙwarƙwata da ƙazuwa, ga amai da gudawa idan ruwa ya gurɓata. Abin takaici, tarin fuka yana warkewa da maganin wata shida, kuma kyauta ake bayar da shi a asibitocin gwamnati. Ashe ba cutar ce kaɗai ke kisa ba, rashin wanda zai damu ya auna majinar fursuna ne.

Batun abinci kuwa, ba sai mun ƙirƙiro komai ba, da bakinsu suka faɗa. A watan Disamban 2023 shugaban hukumar na lokacin, Haliru Nababa, ya gaya wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa Naira 750 ake kashe wa fursuna a rana, karen hukumar kuwa Naira 800. Subhanallah! Ɗan Adam da Allah Ya karrama, a lissafin mahukunta kare ya fi shi da Naira hamsin. Da surutu ya yi yawa, a 2024 aka mai da kuɗin Naira 1,125. Raba shi uku, kowane ci Naira 375 ke nan, kafin ɗan kwangila ya cire ribarsa, kafin a sayi itace. Kai mai karatu, shiga kasuwar Tarauni da Naira 375 ka gaya min abin da za ka fito da shi. Wannan ne asalin gabzar da ake ba mu labari muna dariya, alhali abin kuka ne.

Mu mutanen Kano ba ma bukatar a ba mu labarin yadda tsarewa ke mai da mutum. Mun gani da idonmu ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Da yawansu yara ne, da yawansu 'yan jihar nan, sun shafe wata uku a hannun 'yan sanda. Ƙasusuwan haƙarƙarinsu a waje, huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka tuhume su da cin amanar ƙasa, aka sa belin kowane Naira miliyan goma, yaran da iyayen wasunsu ba su taɓa riƙe dubu ɗari a dunƙule ba. Rundunar 'yan sanda ma cewa ta yi faɗuwar shiri ce. Sai da duniya ta yi caa sannan aka ba da umarnin sakinsu cikin 'yan kwanaki. To su waɗannan kyamara ta gan su. Dubban da babu kyamarar da za ta gan su fa?

Kuma kada manya su zaci abin na talaka ne kaɗai. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya taɓa zama na biyu a mulkin ƙasar nan, a kurkukun Abakaliki ya rasu a watan Disamban 1997. Abiola da duk dukiyarsa a tsare ya rasu a watan Yulin 1998. Wanda ya ƙi gyara ɗakin kaso yana kan kujera, ba shi da tabbas ba shi zai kwana a ciki gobe ba.

Za su ce ai suna gyara. A 2019 aka yi sabuwar doka, aka canja suna daga gidan yari zuwa gidan gyaran hali. Dokar har ta ba shugaban hukumar na jiha ikon ya ƙi karɓar sababbin mutane idan gida ya cika aka sanar da hukumomin shari'a ba su yi komai ba cikin wata uku. Tun 2017 akwai dokar hana azabtarwa mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai wa shekara 25. A 2023 aka buɗe sabon gida mai cin mutum 3,000 a Janguza, a 2025 kuma gwamnatin Kano ta ba da sanarwar shirin mai da Kurmawa gidan tarihi. Duk mun ji. Amma canja wa tuwo suna ba ya ƙara masa auki. Idan aka gina sabon gida aka bar kotuna suna ɗage zama, aka bar 'yan sanda suna kai mutum a ajiye kafin su fara bincike, to sabon gidan ma cika zai yi, gawa za ta ci gaba da fitowa ta sabuwar ƙofa.

Sai kuma ɗan uwana da zai ce, "Ai laifi suka yi, gidan yari ba otal ba ne." Malam, da farko mun riga mun faɗa cewa mafi yawansu ba a tabbatar musu da laifin ba. Na biyu, ko wanda aka tabbatar wa, addinin da muke taƙama da shi bai halatta a ƙara masa ko ƙwayar zarra a kan hukuncinsa ba. A cikin Suratul Insan Allah Ya yabi masu ciyar da wanda yake tsare, Ya jera shi tare da miskini da maraya. Fursunonin Badar, waɗanda suka zo da takobi domin su kashe Manzon Allah (S), an ruwaito cewa sahabbai sun riƙa ba su gurasa su kuma su ci dabino. Sayyidina Ali (RA), bayan an sare shi, ya yi wasicci da a ciyar da wanda ya sare shi, kada a wuce gona da iri a kansa. Alƙali Abu Yusuf a cikin Kitabul Kharaj ya shawarci Haruna Rashid da a ciyar da 'yan kurkuku daga baitulmali, a ba su tufafin sanyi da na zafi. Mun kuma karanta a Islamiyya labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Kyanwa ke nan. Ina ga ɗan Adam mai salla? Kuma mu tuna Annabi Yusuf (AS) ya yi shekaru a kurkuku bisa ƙazafi, don haka shiga gidan yari ba shaidar laifi ba ce.

Ko wanda babu tausayi a zuciyarsa, ya yi lissafin kansa. Katangar kurkuku tana tare mutum, ba ta tare cuta. Gandiroban da ke shaƙar iskar ɗakin nan gida yake komawa wajen iyalinsa. Fursunan da aka saka da tari, tare za ku shiga Adaidaita Sahu daga Gyadi-Gyadi, kafaɗa da kafaɗa za ku tsaya a sahun Juma'a.

To mene ne abin yi? Ga mahukunta muna cewa: duk wanda ya mutu a tsare, a yi binciken da ba hukumar da ta tsare shi ce za ta yi ba, a ba iyalinsa sakamako a rubuce. Wannan ma yana cikin ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 da ake kira da sunan Mandela. A auna duk wanda zai shiga, a ware mai tari. Babban Jojin jiha yana da ikon zagaya gidajen yari ya saki waɗanda zamansu ya wuce ƙima, to ya zama aikin yau da kullum, ba sai da salla ba. Tun 2023 kuma an gyara tsarin mulki jihohi sun sami ikon sa hannu a harkar gidajen yari, saboda haka zancen "na Tarayya ne" ya ƙare.

Mu kuma 'yan uwa, kada mu tsaya zagin gwamnati mu koma gida. A ƙarshen 2023 an saki mutum 4,068 a faɗin ƙasar nan bayan an biya musu tara da ta kai Naira miliyan 585. Dubban mutane ke nan da talauci kaɗai ya riƙe su. Me zai hana kowane masallacin Juma'a ya ware asusun biyan tara da diyyar ƙananan bashi? Me zai hana kowace unguwa ta rubuta sunayen 'ya'yanta da ke tsare, ta kai wa hukumar gwamnati mai ba da lauya kyauta, a riƙa bin ranar zama? Likitocinmu da malaman jinya su nemi izinin shiga. Masu hali su kai sabulu da magani da tabarma. Limamai su yi huɗuba a kai. Iyaye kuma, kada kunya ta sa ku yanke ƙafa daga ziyara, domin wanda ake zuwa dubawa ba a cika wulaƙanta shi ba.

Mahaifiyar yaron nan har yau idan ta gan ni sai ta ce, "Ɗana, shin an gano me ya kashe ƙaninka?" Ni ba ni da amsar da zan ba ta. Amma akwai ranar da za a yi wannan tambayar a gaban Alƙalin da ba ya ɗage zama, fayil kuma ba ya ɓata a wajensa. Ranar za a tambayi wanda ya kama, da wanda ya ajiye, da wanda ya ci kuɗin abincin, da mu da muka ji muka yi shiru. Allah Ya fitar da waɗanda aka zalunta, Ya shiryi masu laifi, Ya ba mu ikon tsayawa tare da raunana.

Wassalam.

Daga Daurawa, Kano.