Zinariyar Ɗan Isa da ruwan da 'ya'yanmu ke sha

Ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramin haƙar zinariya ya rufta a Garin Liman, a ƙasar Ɗan Isa, ya hallaka aƙalla mutum 18. Allah Ya ji ƙan su. Jihar Maraɗi duka ta girgiza, hukuma ta ba da umarnin rufe wurin. Tun daga lokacin, in an ambaci haɗarin zinariya, rami ne ke faɗo wa mutane a rai. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini shi ne ruwan da ake wanke ta da shi, da inda yake zuwa bayan an gama.

Ga yadda aikin yake a wuraren haƙar gargajiya. A fasa dutse, a niƙe shi ya zama gari, a kwarara masa ruwa a kan katako mai shimfiɗa, laka ta wuce, mai nauyi ya tsaya. Daga nan a zuba zaiba ta kama zinariyar, a ƙona ta a wuta. Hayaƙin ya shiga ƙirji, ragowar zaiba ta bi laka. Lakar nan tana nan jibge har damina ta zo ta kwashe ta.

To, ina za ta? Mu a nan mutanen kwari ne. Ruwan da ya sauka kan tudu, fadama yake nema, daga nan sai gulbi. Gulbin Gabi da ambaliyar Gulbin Maraɗi ne ke cika tafkin Madarunfa, kuma a kwarin nan rijiyoyin lambu ba su da zurfi. Zaiba in ta kwanta cikin laka, ƙwayoyin halitta na juya ta zuwa wani nau'i mai taruwa a naman kifi, babban kifi ya fi ƙarami ɗauka. Irin wannan guba a naman kifi ce ta addabi garin Minamata na ƙasar Japan, wanda aka sa sunansa ga yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, har da Nijar a cikin masu sa hannu.

Ba sai mun je Japan ba ma. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, dutsen zinariyar ya zo haɗe da dalma. Ana niƙa shi cikin gida, kusa da murhu da randa. Ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida da kududdufai, yara kusan 400 suka mutu, dubbai suka kamu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega. Malaman makaranta su lura: dalma ko kaɗan ce tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Yaron da muke kira daƙiƙi a aji, wani lokaci guba ce ta riga mu isa gare shi.

Abin tsoron shi ne ruwa mai irin wannan guba yana iya zama garau, ba wari, ba ɗaci. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire dalma. Mutanen Tibirin Gobir sun san wannan darasi, domin ruwan famfo mai haske ne ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara saboda yawan wani sinadari, shekaru suka wuce kafin a gano.

Wasu za su ce a hana haƙar gaba ɗaya. Wanda ya san abin da ke fitar da matasanmu zuwa Jado da Cibarakaten ya san magana ba ta tsai da mai yunwa. In an kore shi daga daji, buhun dutse zai ɗauko ya kawo gida, kuma nan ne ɓarnar ta fi muni. Don haka nake ganin ruwan ya kamata a yi wa doka.

A keɓe wurin wanki nesa da gulbi da rijiyoyi. A gina kwatamai na siminti biyu ko uku a jere, laka ta kwanta a na farko, ruwan na ƙarshe a sake aiki da shi. Wannan na rage kuɗin sayen ruwa ga su masu wankin, ya kuma hana shi malala. Lakar a binne ta inda ambaliya ba ta kai. Magajin gari da ma'aikatar ruwa su riƙa auna rijiyoyin kusa kafin damina da bayanta, a faɗi sakamakon a rediyo da Hausa.

Namu rabon ba ya jiran kasafin kowa. Kada uba ya yarda a daka dutse a turmin gidansa ko a ƙona zaiba inda ake girki. Tufafin rami su tsaya a waje. Kwamitin iyayen yara ya tambayi daga ina ake ɗebo ruwan randar makaranta. Malami ya ɗauki darasi ɗaya ya nuna wa ɗalibai hanyar ruwa daga tudu zuwa tafki.

Gemun Zamfara ya riga ya kama da wuta. Mu shafa wa namu ruwa, amma mu fara tabbatar da tsabtarsa.